Kujerar na saya, ba kurwasan ba

Idan kana cikin masu leƙa abin da nake ɗorawa a WhatsApp, to ka ga hoton. Farin faranti, da wani abu mai kama da jinjirin wata a kai, ga ɗan ƙaramin kofi an zana ganye da kumfar madara a samansa, ga kuma hannuna a gefe da sabon lalle. Na ɗauki hoton nan ya fi sau goma kafin in samu wanda ya yi mini. Ko minti biyar ban yi da ɗora shi ba sai ga saƙon yayana daga Dabai: "Wannan fanken nawa aka sayar miki?" Da na faɗa masa kuɗin, sai ya turo saƙon murya. Babu kalma ko ɗaya a ciki, dariya ce zalla.

Wurin yana Kano, inda nake karatu, cikin ɗaya daga unguwannin masu hannu da shuni. Irin sababbin gidajen nan ne da ke kiran kansu gidan burodi irin na Faransa. Kana tura ƙofar gilashi sanyin na'ura ya tarbe ka, ƙamshin bota da gahawa ya biyo baya. An jera kayan fulawa a bayan gilashi, kowanne da sunansa da Faransanci, wasu ma ko mai sayarwar da ƙyar take iya furta su. Na nuna ɗaya da yatsa, aka ce sunansa kurwasan. Na haɗa da gahawa mai madara. Abin da na biya, in gaya maka gaskiya, kuɗin abincina ne na kwana huɗu a makaranta. Kuma ba zan yi maka ƙarya ba, abin ya yi daɗi. Bayansa na ƙaras-ƙaras, cikinsa laushi, kana gutsura yana zuba kamar busasshen ganye. Sai dai kafin in kai titi yunwa ta dawo.

Ka san yadda rigimar nan take a shafukanmu. Duk lokacin da yarinya ta ɗora hoto a irin wannan wuri, mutane kan rabu gida biyu. Ɓangare guda su ce 'yar ƙarya ce, a gidansu koko ake sha babu sukari, ta zo tana yi wa duniya burga. Ɗaya ɓangaren su ce hassada ce da talauci ke damun masu maganar, kowa ya ci abin da aljihunsa ya ba shi. A yi kwana biyu ana jifan juna, sai wata sabuwa ta taso a manta. Ni da na kasance wadda aka yi wa dariyar, na dawo gida hutu na zauna na yi ta juya abin a raina, kuma ina ganin duka ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki.

Bari mu fara da sunan Faransa ɗin, tunda shi ake sayar mana da tsada. Shi kurwasan asalinsa ba na Faransa ba ne. Daga Ostiriya ya zo. Wani mutumin ƙasar mai suna August Zang ne ya buɗe gidan burodi irin na birnin Biyana a Paris wajen ƙarshen shekarun 1830, mutanen Paris suka so abin, masu gashin burodinsu suka kwaikwaya, suka sake masa fasali har ya zama nasu. Har yau Faransawa na kiran wannan rukunin kayan fulawar da sunan Biyana. Gahawa kuwa ai tamu ce kafin ta zama tasu. Daga Habasha ta fito, Sufayen Yaman suka riƙa shan ta tun ƙarni na 15 don su iya raya dare, sannan ta bi ta hannun Turkawa ta shiga Turai. Kalmar da muke cewa gahawa da wadda Bafaranshe ke cewa kafe duk uwarsu ɗaya, Larabci. Shahararren gidan gahawar nan na Paris, Procope, sai a 1686 aka buɗe shi. Kenan abin da na biya kuɗin kwana huɗu a kansa da sunan Faransa, rabinsa na Ostiriya ne, rabi na maƙwabtanmu na gabas.

Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne matsayin gidan burodi a can Faransar. Ba wurin 'yan gayu ba ne. Wuri ne na unguwa, kamar yadda mai ƙosai take a bakin layinku. Lebura da likita layi ɗaya suke bi da safe, kowa ya karɓi dogon burodin nan mai kama da sanda da ake kira baget, ya saƙala a hammata ya wuce. Sun ɗauki abin da muhimmanci har sun yi masa doka: a 1993 gwamnati ta ƙayyade cewa baget na gargajiya fulawa ce da ruwa da gishiri da yis, ba a daskarar da shi, ba a cika shi da sinadarai. A 1998 aka ƙara da cewa ba ka da ikon kiran shagonka gidan burodi sai in a nan kake kwaɓawa kake gasawa. A ƙarshen 2022 UNESCO ta sa baget cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Duk wannan hidimar a kan abincin talaka ake yin ta, abincin da ake saye da canjin aljihu.

Ba sai ka je Turai ba kafin ka ga haka. Abokiyar ɗakina a makaranta 'yar Maraɗi ce, kuma ita ma ta yi mini dariya, amma tata dariyar dabam ce da ta yayana. Cewa ta yi a garinsu wannan dogon burodin da ake jerawa a kwando kamar kayan ado, shi yara ke tallarsa da sassafe. Da na bi ta bikin yayarta, muka bi ta Katsina da Jibiya muka tsallaka, na gani da idona. Mai shayi a bakin titi ya tsaga baget da wuƙa, ya shafa bota ko ya cusa soyayyen ƙwai, ya haɗa wa mutum Nescafé da madarar gwangwani, ɗan acaɓa ya zauna ya ci ya tashi. Babu mai ɗaukar hoto. Sojojin Faransa sun fice daga Nijar a Disambar 2023, an sauke sunayen Faransawa daga titunan Yamai, a 2025 ma aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa aka mayar da Faransanci harshen aiki, amma ban ji wanda ya ce a kori baget ba. Ya riga ya zama ɗan gida, don kowa na iya sayensa. Mu ne a nan muka ɗauko abincin unguwa muka sa shi a gilashi muka kunna masa fitila.

To in haka ne me ya kai ni? Na daɗe ina ba kaina amsar da ba ita ba ce. Sai da na tuna yadda ranar ta kasance tukuna na gane. Kurwasan ɗin minti biyar ya yi a gabana. Ni kuwa awa uku na yi a wurin. Na sa wayata da kwamfutata a caji. Na buɗe aikin da aka ba mu na rubuta rahoto, wanda na yi mako guda ina fama da shi a ɗakin kwanan dalibai inda mu shida ne kuma wuta sai ta ga dama, na gama shi a zama ɗaya. Babu wanda ya zo ya tsaya a kaina. Babu wanda ya ce 'yammata ji mana. Babu wanda ya kalle ni irin kallon nan na "me mace take yi a nan ita kaɗai". Akwai banɗaki mai tsabta da ruwa. Da la'asar ta yi akwai inda mutum zai yi salla. Wannan na saya. Kurwasan ɗin tikitin shiga ne kawai.

Kai namiji da kake karanta wannan, wataƙila ba za ka gane nauyin maganar ba, don kai kana da irin wannan wurin tun kana yaro, kuma kusan kyauta. Sunansa teburin mai shayi. A nan Dabai, daga magariba ta yi za ka ga bencinan sun cika. Tukunyar ruwan zafi na tafasa, an jera gwangwanayen Milo da Peak kamar gini, burodi a gefe, Indomie na kan wuta, rediyo na kawo labaran BBC ko an kunna ƙwallo a waya an jingina ta da gwangwani. Ɗalibin jami'ar aikin gona ta Zuru na zaune kusa da tsohon soja mai ritaya, abin da ƙasar Zuru ba ta rasa ba, kusa da shi ɗan acaɓa, kusa da shi malamin firamare. Musulmi da Kirista benci ɗaya, ana Hausa ana sirka C'lela. A nan ake jin wa ke ɗaukar ma'aikata, nawa buhun dawa ya kai, wace hanya ce ba ta biyuwa yau. Wanda ba shi da ko sisi ma yana iya zama, in ya yi sa'a wani ya ce a ba shi rabin kofi. In ana neman gidan gahawa na unguwa na gaskiya, irin wanda ake ba da labarinsa a Paris, to ga shi nan, ba mu rasa komai ba.

Sai dai ni ban taɓa zama a kan bencin nan ba. Ko sau ɗaya. Babu allo da aka rubuta "ban da mata", babu dokar da ta hana, amma ke ma kin sani, ni ma na sani. Ranar da na gwada zama, kafin in shanye shayin labari ya riga ni isa gida. Mace a garinmu tana da gida, tana da makaranta, tana da kasuwa, tana da gidan biki da gidan suna, sai coci ko Islamiyya. Duk wuraren nan ko dai aiki ya kai ta ko hidimar wani. Wurin da za ta je ta zauna don kanta, ta karanta littafi, ta yi aikin makaranta, ta haɗu da ƙawarta su tattauna wata sana'a ba tare da ƙanne na ja mata zane ko Inna na kiran ta ta duba tukunya ba, babu shi. Shi ya sa idan ka ga gidajen gahawar Kano da Kaduna da Abuja cike da 'yammata, kafin ka rubuta "'yan ƙarya" a ƙarƙashin hoton, ka tambayi kanka ina kake so su je.

Ban ce babu ƙaryar ba fa. Akwai ta, kuma ni ma na taɓa ta, tunda ba aikin makarantar na ɗora ba, farantin na ɗora. Na san wadda ta ci bashi don ta je irin wannan wuri ranar zagayowar haihuwarta. Na san waɗanda ke zuwa su huɗu su sayi abu ɗaya, kowa ta ɗauki hoto da shi bi da bi. Abin dariya ne, abin tausayi ne kuma. Amma ƙaryar rassa ce. Tushen shi ne an mayar da zama cikin natsuwa kayan alatu, an ce sai mai iya biyan kuɗin kwana huɗu zai same shi.

Yanzu ga inda nake so mu yi magana ta hankali, musamman ku da ke ta turo mini saƙo tun da na fara wannan zancen cewa in kun gama bautar ƙasa za ku buɗe irin wannan gidan a Zuru. Don Allah kafin ka zuba ɗan abin da ka tara, ka san me ake ciki. Kurwasan ba fanke ba ne da za a kwaɓa a jefa a mai. Ana shimfiɗa kwaɓin ne a sa bota mai sanyi a tsakiya, a naɗe gida uku, a mayar firji ya huta, a fito da shi a sake murzawa a naɗe, har sau uku, sai ka samu hawa 27 na bota tsakanin fulawa. Wannan hawa-hawan ne ke ba shi ƙaras-ƙaras ɗin. Da zarar botar ta narke ta shige cikin kwaɓin, shi ke nan, burodi ka yi mai maiƙo. Ita kuwa bota tana fara narkewa da zafi ya ɗan haura digiri 30. Ka tuna yadda Zuru take a watan Maris da Afrilu, sannan ka tuna yadda wutar lantarkinmu take. Kenan janareta zai kwana yana aiki saboda kwaɓi, a farashin man da muke ciki tun da aka cire tallafi a Mayun 2023.

Ga kuma fulawar kanta. Mafi yawan alkamar da Najeriya ke ci daga waje ake shigo da ita, da dala ake biya. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a 2022 ya tayar da farashinta a duniya, faɗuwar naira daga 2023 ta ƙara mata. Buhun da zai zo maka sai ya sauka a tashar jirgin ruwa, a niƙa, ya hau mota ya biyo ta Kontagora da Rijau kafin ya iso, kowane rami a hanya da kuɗinsa. Ba yau aka fara neman mafita ba. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, daga baya aka janye. An yi ta yekuwar burodin rogo zamanin Obasanjo da na Jonathan. A nan jiharmu, a Birnin Kebbi, Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, da shinkafa da alkama a gaba. Shinkafar ta yi suna, alkamar har yanzu muna jira. Ka haɗa fulawar dala da botar waje da man janareta, ka gaya mini nawa za ka sayar da guda ɗaya, kuma mutum nawa ne daga Dabai zuwa cikin Zuru za su saya ranar Talata da safe, ba ranar salla ko Kirsimeti ba. Wata uku za ka yi kana ɗaukar hoton shagonka kafin ka rufe.

Abin da nake ganin zai yi aiki bai kai wannan wahalar ba. Ɗaki mai iska da inuwa, tebura da kujeru, sola da za ta riƙe fanka da wurin caji, banɗaki mai tsabta, ƙofa a buɗe yadda duk mai wucewa zai ga abin da ake yi a ciki. A rufe kafin dare ya yi. In so samu ne mace ce ke riƙe da wurin, babbar mace da gari ya san ta, yadda uba zai ji 'yarsa ta ce can za ta ya ce a dawo lafiya. Farashi kuma ya zama na mai shayi ko ya ɗara kaɗan.

Abin ci kuwa, wallahi har haushi nake ji in na tuna abin da muke da shi muka ajiye. Alkaki fa? Wanda ya taɓa cin alkaki mai kyau, wanda ya sha zuma ya yi ƙaras, ya san ba shi da abin jin kunya a gaban kowane kayan gilashi. Dubulan da irin murɗin da ake yi masa da hannu, in da a Paris aka ƙirƙiro shi da yanzu ana koyar da shi a makaranta. Ga nakiya, ga gireba, ga funkaso, ga gurasar da Kanawa suka karɓa daga Larabawa suka mayar tasu, kamar dai yadda Faransawa suka yi wa kurwasan. Amma alkaki da dubulan da nakiya mun ɗaure su a gara, sai an yi aure ake ganin su, a ci kwana uku a manta sai wani bikin. Matan da suka iya su suna nan a kowace unguwa, suna tsufa, 'ya'yansu kuma YouTube suke kallo suna koyon kek. Waina da ƙosai da kunun gyaɗa ba sa buƙatar dala ko ɗaya, shinkafarmu ce da wakenmu da gyaɗarmu. Dawa kuwa, wadda duk shekara a bikin Uhola muke godiya a kan girbinta, ban ga dalilin da zai hana wata mai basira ta zauna ta fitar mana da wani abu sabo daga gare ta ba. Mai son gahawa a dafa masa, ana noma ta a tsaunin Mambila a Taraba, inda ake noman ganyen shayi ma. Wanda kuma ransa ya biya da baget, shi wannan mai sauƙi ne, fulawa da ruwa da gishiri da yis, ba ya neman firji, mutanen Maraɗi sun nuna mana ana iya yin sa a zafin da ya fi namu.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a gida. Da na kawo maganar, kawuna cewa ya yi irin wannan wuri ai matattarar samari da 'yammata zai zama, a buɗe ƙofar lalacewa da hannunmu. Ban raina damuwarsa ba, kuma ban ce ba a taɓa ganin wurin da ya lalace ba. Na dai ce masa, Kawu, samari da 'yammatan nan suna haɗuwa yanzu haka, cikin waya, ƙarfe biyun dare, inda babu idon kowa. Tebur a fili da rana tsaka, da babbar mace zaune a bakin ƙofa, shi ne abin tsoro? Bai ba ni amsa ba, ya ce dai 'yan jarida ba a cin ku a baki. Wata ƙawata kuma ta ce mutanen da ke fama da matsalar tsaro, ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba manoma na tsoron zuwa gona, wa ke ta wurin shan shayi? Ita ma tana da gaskiyarta. Sai dai 'yammatan da iyayensu suka baro ƙauyukan nan suka dawo cikin gari, suna cunkushe ɗaki ɗaya da dangi, su ma jarrabawar WAEC da JAMB na jiran su, kuma su suka fi ni buƙatar tebur da fitila.

Hutu ya kusa ƙarewa. Jiya da daddare na so shan shayi mai kauri, irin wanda mai shayin bakin hanyarmu kaɗai ya iya haɗawa, yana ɗaga kofi sama yana tsiyayawa a wani har ya yi kumfa. Kamar kullum, ƙanena na ba flas da kuɗi. Tafiyar minti uku ce. Sai da ya yi kusan awa guda, don ya tarar ana musun ƙwallo an matsa masa a benci ya zauna. Shekararsa goma sha uku. Da ya dawo ya miƙo mini flas ɗin, ya zauna yana ba ni labarin wanda aka ce zai fito takarar kansila da kuma kamfanin da ke neman masu sa sola a Birnin Kebbi, ni kuma ina sauraro daga kan tabarma a tsakar gida.